Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: kuskuren gyaran jirgi da fasa tashi a kan titi

A bazarar bara wani kawuna ya bar gida tun da asuba zuwa filin jirgin sama na Diori Hamani da ke nan Yamai, yana da alƙawari da likita a wata ƙasa, sai ga shi kafin azahar ya dawo da jakarsa, ransa a ɓace. "Ɗana," in ji shi, "mun shiga, mun ɗaura bel, jirgi ya zabura har na sake karanta addu'ar tafiya, sai kawai aka taka birki, goshina ya kusa dukan kujerar gaba. Muka yi jugum, motar ƴan kwana-kwana ta zo ta tsaya a gefenmu ba ta yi kome ba, can daga baya aka ce mu sauka, sai gobe." Na ce masa, "Kawu, ai sai godiya ga Allah, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Ya ce haka ne, amma na lura cewa ranar da ya yi asara ta fi tsaya masa a rai.

Bayan an kwana biyu na koma ina juya karin maganar da na jefa masa, domin a harkar jiragen sama gaskiyarta tana da iyaka, kuma lissafa wannan iyaka ake yi kafin kowane tashi. Akwai wurin da in jirgi ya kai a kan titi, ƙin tashin ya fi muguwar rawar haɗari. Abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne, kuskuren da makaniki ya yi jiya da dare, ko makon jiya, ko ma shekarar da ta wuce, ya fi son bayyana a cikin ɗan wannan lokaci da bai cika wuce daƙiƙa 40 ba, lokacin da matuƙi ba shi da sukunin buɗe littafi ko neman shawarar kowa.

Iyakar da ake magana ita ce gudun da matuƙa ke kira V1. Kafin jirgi ya bar wurin da yake ajiye, ana shigar da nauyinsa, da tsawon titi, da zafin rana, da tsayin filin daga teku, da ƙarfin iska da inda ta fuskanta, da ko titin a jiƙe yake, sai lissafi ya fitar da gudun da ya zama mararraba. Ƙasa da wannan gudu, in aka taka birki jirgin zai tsaya kafin titi ya ƙare. Sama da shi, ko da injin ɗaya ya mutu, an ƙera jirgin kuma an gwada shi yadda zai ƙarasa tashi da sauran ƙarfin da ya rage, ya wuce ƙarshen titi da tsayin ƙafa 35, wato kusan mita 11. Mutane da yawa suna ɗauka cewa a V1 ake fara tunanin tsayawa ko tafiya, alhali ma'anarsa ita ce dole ne a riga an fara aikin tsayawa kafin a wuce shi. Shi ya sa kyaftin ke ɗora hannunsa a kan sandunan wutar injin tun daga farkon gudu, da zarar kuma an kira V1 sai ya janye hannun, ya nuna wa kansa da mataimakinsa cewa bakin alƙalami ya bushe. A jirgin fasinja mai matsakaicin girma wannan gudu kan kai wajen kilomita 260 zuwa 280 a awa, kuma a irin wannan sauri jirgi yana cinye kusan mita 75 na titi a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa uku ya isa ya salwantar da fiye da mita 200.

Akwai wata iyakar da ke zuwa kafin wannan. Matuƙan jiragen Boeing suna kiran not 80 (not shi ne ma'aunin gudun jirage), kusan kilomita 150 a awa, na Airbus kuma not 100, kusan kilomita 185. Kafin a kai nan, kusan duk abin da ya saɓa wa yadda aka saba ya isa dalilin tsayawa, ko fitilar gargaɗi ce, ko baƙon ƙara, ko tagar matuƙi da ba ta rufu da kyau ba, domin tsayawa a irin wannan gudu ba ta da wani haɗari. Da an wuce nan sai ƙofar ta ƙuntata, ba a tsayawa sai don gobara, ko mutuwar injin, ko gargaɗin muguwar iska, ko kuma in matuƙi ya tabbata jirgin ba zai iya tashi ba. Jiragen zamani ma kan danne ƙananan gargaɗi da kansu a wannan tsakani, don kada wata fitila marar muhimmanci ta ja hankalin matuƙi ya yanke shawarar da zai yi da-na-sani a kanta.

Wannan tsari ya samo asali ne daga darasi mai ɗaci. A farkon shekarun 1990 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, tare da masu ƙera jirage da kamfanonin sufuri, sun yi nazarin haɗura 74 da suka faru ta dalilin fasa tashi tsakanin 1959 da 1990. Sun gano cewa fiye da rabinsu an fara taka birki ne bayan an wuce V1, kuma kusan kashi 80 cikin 100 ana iya kauce musu, mafi yawa ta hanyar ci gaba da tashi kawai. Matsalar injin, wadda ita ce aka fi horar da matuƙa a kanta, ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Nazarin ya kuma nuna cewa ana fasa tashi kusan sau ɗaya a cikin tashi 3,000, mafi yawa a ƙaramin gudu, ba tare da ko ƙwarzane ba. Ke nan abin da ya sami kawuna ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, sai dai shi ne bai taɓa gani ba.

Dalilin da ya sa tsayawa a babban gudu ke da haɗari shi ne zafi. Ƙarfin da ke cikin abu mai gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun, in gudu ya ninka sau biyu ƙarfin ninkawa yake yi sau huɗu, kuma kusan dukansa birki ne zai shanye shi ya mai da shi zafi. Idan kyaftin ya ce a tsaya, ana mai da wutar injin ƙasa, birki ya kama da iyakar ƙarfinsa, faifan da ke bisa fukafukai su miƙe don su danne jirgin a kan tayoyinsa, sannan a juya iskar injin gaba. A gwajin da ake yi wa sabon jirgi kafin a ba shi izini, ana loda shi iyakar nauyinsa, a kai shi V1, a tsai da shi da birki kaɗai, har birkin ya yi ja kamar garwashin maƙera, zafinsa ya haura digiri 1,000, sannan dole ne jirgin ya yi minti biyar ba tare da an zuba masa ruwa ba kuma wuta ba ta kama jikinsa ba. A jikin kowace ƙafa akwai ƴar toshiya ta ƙarfe mai saurin narkewa, wadda in zafi ya yi yawa take narkewa ta saki iskar taya a hankali, maimakon tayar ta fashe ta hallaka wanda ke kusa. Motar ƴan kwana-kwana da kawuna ya ce ba ta yi kome ba, aikinta take yi, tana jira ne ta ga ko birkin zai kama da wuta.

A nan ne aikin makaniki ya fara shiga lissafin, tun kafin a zo ga maganar kuskure. Duk alƙaluman V1 sun ginu ne bisa zaton cewa birki da tayoyi suna yadda littafi ya ce. A ranar 21 ga Mayu 1988 wani jirgi ƙirar DC-10 ya fasa tashi a filin Dallas na Amurka, ya zarce ƙarshen titi, bincike kuma ya nuna cewa takwas daga cikin birkinsa goma sun gaza a tsakiyar tsayawar saboda sun cinye, duk da cewa ba su wuce iyakar da doka ta yarda da ita a lokacin ba. Gwajin asali da sabon birki aka yi shi, jirgin kuwa da tsohon birki yake aiki. Daga baya aka canza doka, aka wajabta yin gwaji da lissafi da birkin da ya kusa ƙarewa. Mu a nan Sahel muna da ƙarin dalilin kula da wannan, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa kan haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, injin ba ya samun cikakken ƙarfinsa, fukafukai kuma suna buƙatar ƙarin gudu kafin su ɗauki jirgin. Jirgin da ya sauka da tsakar rana ya juya cikin awa guda yana iya fara gudun tashi da birkin da bai gama hucewa ba, shi ya sa ake da jadawalin lokacin hucewar birki, kuma shi ya sa wani lokaci ake rage kaya ko a jinkirta tashi.

Haɗarin da ya fi kusa da mu, wanda har yau akwai gidajen da ba su manta da shi ba a ƙasar Hausa, shi ne na Jidda a ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgin DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi haya don kwaso alhazai, yana kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato da mutum 261, fasinja 247 da ma'aikata 14. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun san cewa biyu daga cikin tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. Wanda ya saba da mota zai yi mamakin yadda wannan zai zama babban abu, tun da mai faci yana gyara shi cikin minti biyar. Tayar mota takan ɗauki iska kilo biyu da ɗan abu, ta babban jirgi kuwa takan kai wajen kilo 14, kuma iskar naitirojin ake sa mata, domin ba ta ciyar da wuta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan tayar jirgi ido ba ya sanin kome, domin tayoyin bibbiyu suke a kan sanda guda, in ɗaya ta yi sanyi ƴar'uwarta ce ke ɗauke nauyin, sai dukansu su tsaya kamar lafiya lau. Ma'auni kaɗai ke faɗin gaskiya, shi ma sai tayar ta huce.

A safiyar ranar, ana gab da tashi, babban makanikin ya nemi naitirojin, ba a samu a kusa ba, kuma neman ta zai jawo jinkiri. Jami'in da ke kula da jadawalin jigilar, wanda ba matuƙi ba ne kuma ba injiniya ba, ya ce a tafi. Masu bincike sun kuma gano cewa an sauya alƙaluman iskar tayoyin a cikin takardun gyara, kuma ba su sami shaidar cewa an sanar da matuƙan halin da tayoyin ke ciki ba. Jirgin ya yi doguwar tafiya a ƙasa cikin zafin Jidda kafin ya isa bakin titi, tayar da ke ɗauke da nauyin biyu tana ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi. Da aka fara gudu ta fashe, ta kusa da ita ta bi ta, ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar titi har wuta ta kama. Matuƙan sun ji ƙara da girgiza tun jirgin bai kai V1 ba, amma ba su fasa ba, suka tashi, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgin, wato suka shigar da wutar inda bututun mai da wayoyi suke, kuma jirgin ba shi da na'urar da za ta gaya musu cewa akwai wuta a wannan rami. Sun yi ƙoƙarin juyowa, jirgin ya faɗi kusan kilomita 3 kafin titi, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu.

Wanda ya karanta wannan zai yi saurin cewa da sun taka birki da ba haka ba, kuma mai yiwuwa ne. Sai dai ya kamata a yi wa matuƙan adalci, domin koyarwar da aka saba ita ce fashewar taya a babban gudu ba dalilin tsayawa ba ce, tun da tayar da ta fashe ba ta riƙe birki, gwamma a tashi, a rage mai, a dawo a sauka da dukan tsawon titi a gabanka. Abin da ya bambanta shi ne, da sun san tun farko cewa tayoyin suna da matsala, ƙarar farko da suka ji da ta zame musu amsa maimakon tambaya. A ganina wannan shi ne mafi munin abin da ɓoyayyen kuskuren gyara ke yi, yana ƙwace wa matuƙi sanin da zai fassara abin da yake ji da shi, a daidai lokacin da ba shi da daƙiƙar da zai yi bincike.

Wani lokaci kuma alamar a fili take, amma sai a raina ta. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san zanzaro, ya san yadda yake ɗebo laka ya gina ɗan ɗakinsa a kusurwar bango ko cikin ramin makulli. A hancin kowane jirgi akwai ƙananan bututu masu fuskantar gaba, waɗanda ake kira pito da sunan injiniyan Faransa Henri Pitot, iskar da ke shiga cikinsu ita ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi, kuma bakinsu daidai yake da irin ramin da zanzaro ke so. A ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair na Turkiyya ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika bayan ya yi kusan makonni uku a ajiye. Da aka kai not 80, inda matuƙan biyu ke gwada ma'aunansu, kyaftin ya ga nasa ba ya aiki, amma ya ci gaba bisa dogaro da na mataimakinsa. Da jirgin ya hau sama, iskar da ta maƙale a cikin bututun ta buɗe, ma'aunin ya fara nuna gudun ƙarya mai yawa, na'urar tuƙi ta ɗaga hancin jirgin don rage gudun da babu shi, gargaɗi masu karo da juna suka rikita matuƙan, jirgin ya faɗa teku da mutum 189. Masu bincike sun fi karkata ga cewa gidan zanzaro ne ya toshe bututun, domin ba a rufe shi ba lokacin da jirgin ke ajiye.

Maganin zanzaro shi ne murfi mai jan ƙyalle da ake sa wa bututun, amma maganin ma yana da nasa tarkon. A watan Yuli 2018 wani Airbus A330 na Malaysia Airlines ya tashi daga Brisbane ta Ostareliya, filin da ya yi suna da wannan ƙwaro, da murfi a kan bututunsa duka uku. An sa su da kyakkyawar niyya, mutane da dama sun zagaya jirgin da dare ba wanda ya cire su, kowa yana zaton wani ya duba. Ma'aunan gudu sun nuna jar alama tun jirgin yana kan titi, matuƙan suka ɓata daƙiƙun da suke da su wajen fahimtar abin da suke gani, har lokacin tsayawa ya wuce. Allah ya kiyaye, sun juyo sun sauka lafiya. Ga filayenmu, inda ƙurar hunturu da ƙwarin damina ke karɓa-karɓa, kuma inda ƙananan jirage kan yi kwanaki a ajiye a fili, sa murfin da cire shi da rubuta duka biyun a littafin jirgi ba ƙaramin aiki ba ne.

Tsayawa a kan lokaci ma ba kullum take zama ƙarshen labari ba. A ranar 22 ga Agusta 1985 a Manchesta ta Ingila, wani Boeing 737 na British Airtours yana cikin gudu sai wani ɓangaren ɗakin ƙona mai na injin hagu, wanda aka taɓa yi wa walda a baya, ya tsage ya huda tankin mai na fiffike. Matuƙan sun fasa tashi kafin V1, da farko suna zaton taya ce, suka karkata jirgin suka fita daga titi, ashe wannan juyin ya sa iska ta riƙa kaɗa wutar zuwa jikin jirgin. Mutum 55 daga cikin 137 suka rasu, mafi yawa saboda hayaƙi. Daga nan aka koyi cewa in akwai alamar wuta a tsaya nan take, a kuma lura da inda iska ta fuskanta, sannan aka ƙara fili a bakin ƙofofin gaggawa da fitilun da ke nuna hanya a ƙasa. Shi kuwa jirgin Concorde da ya faɗi a Gonesse kusa da Paris a ranar 25 ga Yuli 2000, ya hallaka mutum 113, kuskuren gyaran ba ma a jikinsa aka yi shi ba, wani sillen ƙarfe ne da ba a ɗaura shi bisa ƙa'idar masu ƙera ba ya faɗo daga jirgin da ya riga shi tashi da ƴan mintuna, ya yanka masa taya bayan ya wuce V1.

Dokar ba ta rasa togiya ba. A watan Maris 2017 a jihar Michigan ta Amurka, kyaftin na wani MD-83 ya ja sanda bayan V1 jirgin ya ƙi ɗaga hanci, domin iska mai ƙarfi ta maƙale masa wani sashen wutsiya tun yana ajiye. Ya taka birki, jirgin ya zarce titi ya fasa shinge, dukan mutum 116 suka fita da ransu, masu bincike kuma suka ce shawararsa daidai ce. Jirgin da ba zai iya tashi ba, V1 ba ta da abin da za ta ce a kansa.

Saura tambayar yadda ƙwararren makaniki ke yin irin waɗannan kurakurai. Mafi yawan gyaran yau da kullum da dare ake yinsa, domin da rana jirgi kuɗi yake nema, kuma dare shi ne lokacin da jikin ɗan Adam ya fi rauni. A watan Mayu 2013 wani Airbus A319 na British Airways ya tashi daga Heathrow murafun injinansa biyu suka ɓalle. Makanikai biyu sun buɗe su da dare, suka tafi da niyyar dawowa su ƙarasa, da suka dawo sai suka nufi wani jirgin dabam mai kama da shi, suka tarar da murafunsa a rufe, suka ɗauka an gama. Binciken ya ambaci gajiya da yawan aikin ƙarin lokaci. Tun a 1993 Gordon Dupont, wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada, ya tattara abubuwa goma sha biyu da suka fi jefa makanikai cikin kuskure, daga cikinsu akwai gajiya, da matsin lokaci, da katse mutum yana tsakiyar aiki, da rashin kayan aiki, da rashin iya cewa a'a, da kuma al'adar "haka muka saba yi". In aka ɗora wannan jeri a kan abin da ya faru a Jidda, kusan rabinsa zai fito. Domin rage wannan ne aka tanadi cewa duk aikin da ya shafi tuƙi ko injin sai mutum na biyu ya sake dubawa da kansa, ana ƙirga kayan aiki kafin a fara da bayan an gama, kuma jirgi ba ya motsawa sai injiniya mai lasisi ya sa hannu.

Ba kowace matsala ce ke hana tashi ba, kuma bai kamata fasinja ya firgita don ya ji an ce wani abu ba ya aiki ba. Kowane jirgi yana da jerin kayan da hukuma ta yarda ya tashi ba tare da su ba, bisa sharuɗɗa da adadin kwanakin da aka ƙayyade. Inda ɓarna take shi ne a mai da wannan sassauci hanyar tara gyara, ko a ƙi rubuta matsala don kada ta tsai da jirgi, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Matsin ya fi tsanani a lokacin jigilar alhazai, inda ake haya jirage daga nesa, da ma'aikatan da ba su san filayenmu ba, da kayan gyara da ke wata nahiya, ga maniyyata sun yi kwanaki a sansani kowa yana ƙorafi. A nan Nijar sa ido a kan lafiyar jirage da lasisin ma'aikata aikin hukumar ANAC ne, bisa ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya da aka kafa ƙarƙashin yarjejeniyar Chicago ta 1944, yayin da ASECNA, wadda makarantarta ta EAMAC ke nan Yamai, ke kula da zirga-zirgar sama. Mai hasumiyar filin jirgi, wanda ke ba jirage izinin tashi da sauka, yana iya ganin hayaƙi ya sanar, yana iya soke izinin tashi, amma ba ya ganin iskar taya ko abin da ke cikin bututu. Wannan sai mai riƙe da ma'auni, da kuma shugaban da zai goya masa baya ranar da ya ce jirgi ba zai tafi ba.

Game da "sai gobe" da aka gaya wa kawuna, shi ma yana da lissafinsa. Bayan an fasa tashi a babban gudu sai birki ya huce, abin da kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, sannan a duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, duk tayar da toshiyarta ta narke a canza ta, sau da yawa har da abokiyar zamanta. Sai a koma ga ainihin abin da ya jawo tsayawar, a gano shi, a gyara, a gwada, a rubuta, a sa hannu. In kayan da ake buƙata babu su a Yamai, sai an jira jirgin da zai kawo su daga wani gari, wani lokaci har da injiniyan da ke da izinin taɓa irin wannan jirgi. Kafin a gama duk wannan, awannin aikin da doka ta ƙayyade wa matuƙan sun cika, dole su je su yi barci. Kawu ya tafi washegari da la'asar, likitan kuma ya sake ba shi wata rana a cikin makon.